Fuskar dodo a zafin Sakkwato: ruwan roba, takarda, soso ko ƙwarya?

Duk shekara da azumi ya gabato, tambaya ɗaya ake kawo mini. Malamin firamare mai shirya wa ɗalibai wasan ƙarshen zango, samarin da ke ɗaukar gajerun finafinan ban tsoro da waya, uban da yara suka hana shi sakat da zancen tashe, kowa so yake ya ji da me zai yi fuskar dodo. Yawancinsu sun riga sun ga bidiyo a YouTube, wani yana zuba ruwan roba a mazubi, ya ɓaro fuska kamar ta yi magana, ransu ya biya. Ni ma ta wannan ƙofar na shigo, kuma har gobe ruwan roba ne abin da na fi son taɓawa. Sai dai irin wannan fuska mai rufe kai ruf, wadda Don Post ya yi suna da ita a Amurka tun 1938, an fi sanya ta ne a bikinsu na shigar dodanni na daren 31 ga Oktoba, lokacin da sanyi ya fara sauka a can. Mu kuwa shekarun nan azumi a bakin bazara yake riskar mu. Wanda ya kwaso dabarar can ya dire a Sakkwato ba tare da ya yi la'akari da wannan ba, ko dai ya yi asarar kuɗi, ko ya jigata ɗan mutane.

Abin da za ka fara aunawa

Tambayata ta farko ga duk wanda ya zo ita ce: minti nawa fuskar za ta yi a kan mai sanya ta, kuma da rana ne ko da dare? A Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, dare ma ba ya hucewa da wuri. Wannan ma'aunin na sa shi gaba da kowanne, har da kuɗi.

Na biyu, daga ina za a kalle ta? Kyamarar da za ta matso har ta ga ramukan gashi ba ta yafe komai. Mai zaune a layi na goma a zauren makaranta kuwa siffa da launi kawai yake gani, haka ma wanda ya leƙo daga zaure da tocila a daren tashe. Mutane da yawa suna kashe kuɗi kan kyan da babu mai ganinsa.

Sai yawa. Guda ɗaya kake so, ko aljanu takwas masu kama ɗaya? Sai kuɗi da samuwar kaya: akwai abin da za ka haɗa a yini ɗaya tsakanin Tsohuwar Kasuwa da Babbar Kasuwa, akwai wanda sai ka yi oda daga Legas ka zauna jiran mota. Farashi yana sauyawa kafin mako ya zagayo, don haka da junansu zan gwada su. Daga nan sai ƙarko, wato yadda kayan ke jure rana, zufa, gara da ajiya, sai kuma haɗarinsa ga mai yi da mai sanyawa.

Ruwan roba na zubi

Ruwan roba, wanda masu sayarwa ke kira lateks, daga jikin bishiyar roba ake tatso shi. Asalin bishiyar daga Birazil take, a nan ƙasar kuma ana nomanta a Edo, Delta, Ondo da Kuros Riba, cibiyar binciken roba ta ƙasa ma tana Iyanomo kusa da Binin. Amma ɗanyen da aka tatso ba ya yin fuska. Wanda kake nema shi ne wanda masana'anta ta tace ta sarrafa, yadda da ya bushe zai zama roba mai talewa ta koma yadda take. Fari ne kamar nono, da warin amoniya mai hawa ka, wadda ake sa masa don kada ya dunƙule a cikin galan. Ka kula da kyau, fentin bango da ake rubuta lateks a jikin bokitinsa wani abu ne daban, ba zai taɓa yin fuska ba. Kafin ka biya, ka ce mai sayarwa ya tabbatar maka na zubin fuska ne, ka kuma tambayi daɗewarsa a shago. Na taɓa karɓar galan daga tasha, na buɗe na tarar rabinsa ya zama curi kamar awara, saboda tsoho ne kuma ya kwana biyu a bayan mota cikin rana.

Aikin hawa uku ne. Na farko gini. Za ka samu kan roba irin wanda masu huluna ke ɗora hula, ka gina fuskar a kansa da yumɓu. Yumɓu mai laushi ba ya wuyar samu wajen maginan tukwane na Rumbukawa, sai dai ka tace shi daga tsakuwa. Ka gina ta ɗan fi kan mutum girma, kamar da kashi ɗaya cikin goma, domin roba tana tsukewa in ta bushe. A nan ake cin gari ko a faɗi: duk tamojin goshi, duk tsagar leɓe, duk ramin fata da ka yi da tsinke ko ka danna da ɓawon lemo, zai fito a robar yadda ka yi shi, haka ma duk kasalar da ka yi. In hunturu ne, yumɓu yakan tsage kafin ka dawo daga masallaci, don haka kullum ka rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma ka ɗora leda.

Hawa na biyu mazubi. Da POP ake yi, wannan dai da ake silin da shi. Ka yi katangar yumɓu daga kunne, ta bi ta tsakar kai, zuwa ɗaya kunnen, don mazubin ya fito gida biyu. Shafin farko ya zama mai ruwa-ruwa, ka bi da buroshi lungu-lungu kana hurawa don kumfa ta fashe, sannan ka riƙa ɗora mai kauri haɗe da zaren filas na masu silin ko yankakken buhun algarara, har kaurin ya kai yatsu uku. Ka shafa ruwan sabulu a bakin kafin ka zuba ɗaya ɓangaren, in ba haka ba su haɗe har abada. In ya kama, ka raba, ka kwashe yumɓun, ka wanke, ka mayar ka ɗaure da robar tayar keke, ka toshe tsagar ta waje da POP. Sannan ka bar shi ya bushe ƙarau. A wannan gaɓar garinmu ya fi na mai bidiyo, don abin da ke ɗaukarsa mako guda, iskar Sakkwato takan gama shi cikin kwanaki kaɗan. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka kuskura ka zuba POP kai tsaye a fuskar mutum ko ka tsoma hannun wani a ciki don ɗaukar siffa. Yana ɗaukar zafi lokacin da yake kamawa, yana ƙona fata, kuma in ya riƙe ba ya saki.

Hawa na uku zubi, kuma shi ne mai daɗin. Ka zaunar da mazubin a bokiti bakinsa sama, ka cika shi da ruwan roba, ka bubbuga gefe don iska ta taso. Busasshen POP yana shan ruwa kamar sabuwar randa, sai ya zuƙe ruwan da ke jikin bangonsa ya bar robar manne a nan, tana ƙara kauri a hankali. Shi ya sa ba a shafa wa cikinsa mai ko fenti, kuma shi ya sa jiƙaƙƙen mazubi ba ya aiki. Bayan kamar minti 45 zuwa awa guda, ka juye sauran ya koma galan, ka bar mazubin a kife ya tsane, ka sa masa fanka ya kwana. Kafin ka ɓaro, ka barbaɗa farar hoda a ciki, don sabuwar roba in ta taɓa 'yar'uwarta ta manne ke nan.

Ranar da na fara ciro fuskar da ta yi kyau, ɗan ƙanwata ne ke riƙe mini da gwangwanin hoda. Na sa yatsa na ɗago gefen wuya, na riƙa ja a hankali, haɓa ta fito, leɓe ya biyo, hanci ya ɗan maƙale sannan ya saki, fuskar ta faɗo hannuna tana rawa kamar ɗanyar hanta. Yaron ya ja da baya har ya taka kwanon ruwa, ya ce, "Kawu, wanga abu rai garai?" Ko fenti ba a sa mata ba a lokacin. Babu wani kaya cikin masu arha da zai ba ka wannan.

Kuɗinta matsakaici ne zuwa sama, kuma nauyin yana kan fuskar farko. Galan ɗin da za ka cika mazubi da shi ne mai tsada, amma abin da kowace fuska ke ci kaɗan ne tunda saura komawa yake. Mazubi ɗaya yakan ba ni fiye da goma kafin zanen ya fara dishewa. Wanda ke son guda ɗaya tak ya yi wahalar mako biyu a kan abu ɗaya. Wanda ke son takwas ya ci riba.

Inda take da rauni shi ne zafi, ta fuska biyu. Roba ba ta shaƙar iska ko kaɗan. Mun taɓa ɗaukar wata fitowa a bakin gulbi wajen Kwalkwalawa da hantsi, wani matashi sanye da mai rufe kai gaba ɗaya. Bai kai minti ashirin ba na ga ya durƙusa. Da muka cire, zufa ta zubo daga haɓar fuskar kamar an juye kofi, idonsa ya yi ja, yana cewa, "Malam, ban ganin komi." Laifina ne, don ni na ƙanƙanta ramin baki saboda kyau. Tun ranar na koma yin rabin fuska mai ɗauri ta ƙeya, ina ɓoye manyan ramuka a cikin baki, hanci da kunne, ina kuma tsayawa da agogo: minti goma a cire, a sha iska, a sha ruwa. Mai azumi kuwa ba na ɗora masa da rana ko da ya nace.

Ita ma robar zafi yana cin ta. Rana tana busar da ita ta tsattsage, zafin ɗakin kwano ko but ɗin mota yana mayar da ita mai danƙo. Kusan kowane irin mai maƙiyinta ne, daga baselin har man gyaɗa da man shafawar da ɗan wasa ya shafo daga gida. Bayan aiki ka goge cikinta da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, ta bushe, ka barbaɗa hoda, ka cusa mata takarda don kada ta lotse, ka sa a kwali a ɗakin da ya fi sanyi. Da haka takan yi shekaru. Galan ɗin kuma ka rufe shi gam ka ajiye gefen randa. Kada zafi ya sa ka kai shi firiza, in ya yi ƙanƙara ya mutu.

Haɗarinta biyu. Amoniya tana sa hawaye da tari, don haka a tsakar gida ake zubi, ba a ƙuryar ɗaki ba. Sannan akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar roba, kamar yadda ma'aikatan asibiti suka sani game da safar hannu. Wani ƙaiƙayi da ƙuraje ne, wani har kumburi da sarƙewar numfashi, wanda sai an garzaya asibiti. Ka tambayi ɗan wasa ko balan-balan ko safar roba ta taɓa yi masa illa, ko ayaba tana sa masa ƙaiƙayin baki, don sau da yawa tare suke tafiya. Ka ɗaura masa ɗan yanki a damtse tun jajibiri ka ga abin da zai faru.

Fentin da ke zama a kan roba

Fuskoki da yawa a nan suke lalacewa bayan an sha wahalar zubi. Roba tana talewa, fentin da ba ya talewa kuwa zai farfashe ya zube tun sanyawar farko. Fentin mai na ƙofa da taga ka manta da shi, yana cin robar kuma ba ya bushewa a kanta. Fentin akirilik na masu zane, in zalla ne, yana kyau ranar farko, ya tsage ranar biyu.

Abin da nake yi shi ne haɗa akirilik da ruwan robar kanta, kusan daidai wa daida, da ɗan ruwa mai tsabta don ya saki. Ka sani launin zai fi duhu in ya bushe, domin farin robar ɓacewa yake, saboda haka ka gwada a guntun yanki tukuna. Wannan haɗin yana kashe buroshi nan take, gara ka yayyaga soson katifa ka riƙa dangwalawa, ka jefar in ya ƙare. Akwai hanyar ƙwararru ta narkar da gam ɗin roba da sinadari a zuba launi, kuma gaskiya ta fi kama jiki, amma tururinta yana bugarwa yana kuma kama wuta. Na ji masu cewa a sa fetur a madadin sinadarin. Kada ka yi, balle a gidan da ake girki da gawayi.

Sirrin fenti shi ne hawa-hawa. Ka fara da launin ƙasa a ko'ina. Sai ka tsinka baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu sosai, ka shafa ya gangara cikin tamoji, ka goge saman da tsumma tun bai bushe ba, nan take zurfin ginin zai bayyana. Sai ka ɗauki launi mai haske a busasshen soso ka shafi ƙashin kunci, goshi da karan hanci sama-sama. Yawancin bidiyon da ake koyo da su farar fata suke kwaikwayo, shi ya sa za ka ga dodo fari fat a kan baƙin wuya, kowa ya gane inda roba ta ƙare. Ka zaunar da ɗan wasanka kusa, ka haɗa launin gefen fuskar daga launin wuyansa, sannan toka-toka ko kore-koren gawa ya taso daga tsakiya. Jini ma ja zalla ƙarya yake yi wa ido, sai ka ɗiga masa ruwan ƙasa da ɗan shuɗi. Haƙora da ido ka shafa musu gam mai haɗi biyu mai bushewa garau kamar gilashi, su riƙa ƙyalli kamar da yawu. Gashi kuwa gashin doki na masu kitso ya isa, a manna shi layi-layi daga ƙeya zuwa goshi.

Ruwan roba na shafe

Wannan ƙanwar roba ta zubi ce. Babu yumɓu babu mazubi, hular sanyi ko tsohuwar safa ake ɗorawa a kan kan roba irin na masu huluna, a riƙa shafa ruwan roba ana manna auduga da takardar tishu ana tattarowa. Kwalba ƙarama ta isa, yini biyu an gama. Ga fatar da ta ƙone ko ta ruɓe babu kamarta. Amma ba ta yin santsin fuska mai tsari, ba ka iya maimaita ta, kuma zafinta da haɗarinta duk irin na yayarta ne. Kada a yi shafen a kan mutum, yana kama gashi da gira.

Takarda da gam

Wadda aka koya mana a firamare, kuma an raina ta fiye da kima. Tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti da aka kakkaɓe aka wanke, a yayyaga, a tsoma a farin gam na kafintoci da aka tsinka, a jera hawa shida zuwa takwas a kan ginin yumɓu ko balan-balan. A yanayinmu kowane hawa yana bushewa cikin awanni. Kusan kyauta ce, yara suna iya yi da kansu, kowane fenti yana zama a kanta, kuma ba ta da nauyi. Tunda a sandare take, ba ta lafewa a fata, iska tana shiga ta gefe, wannan kuwa babban abu ne a nan.

Ba ta motsi, ba ta kuma yaudarar kyamara. Zufa tana jiƙa ta daga ciki, sai an shafa mata banish ciki da waje, a bar warin ya fita na kwanaki, a manna guntun soso a goshi da kunci. In da sitaci ko kunun fulawa ka yi ta don sauƙi, ka san ka girka wa kyankyasai da gara abinci. Ta shekara ɗaya ce.

Soson takalma

Irin faifan soson da masu yin silifa ke yankawa. A nan yake haskawa: ƙaho, dogayen kunnuwa, muƙamuƙin kura, duk abin da ke da girma amma ake so ya zama shafal. Ana yanka shi da reza, a ɗumama ya lanƙwashe ya zauna a haka, a haɗa da gam ɗin masu takalma. Akwai shi a gari, kuɗinsa bai kai na roba ba, ruwa ba ya yi masa komai, gara ba ta ci, ya faɗi ba ya fashewa. Sai dai kamanninsa na sulke ne ko na dabba, ba na fatar mutum ba, kuma yana riƙe zafi in ya lafe a fuska. Gam ɗinsa mai ƙarfin wari ne mai kama wuta, ba aikin yara ba ne.

Ƙwarya da fata

Wannan tamu ce, kuma ina jin takaicin yadda masu shirya fim ke tsallake ta. Ƙwarya mai faɗin fuska, a huda ido da baki, a ƙona zane da wuƙa mai zafi yadda masu gyaran ƙwarya ke yi, a kewaye ta da tsumma, gashin akuya ko igiyar rama. Garin da duniya ta san shi da fatar jar akuya, wadda aka riƙa ketarawa da ita Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, bai kamata a ce ya rasa abin rufe fuska ba. Ka je wajen dukawan Madunka da zanenka, za su yanka su ɗinka maka fatar goshi da kunci da za ta fi ka daɗewa in ka kiyaye ta daga damshi. Fata tana numfashi fiye da roba, ƙwarya kuma tana tsayawa nesa da hanci. A labarin da ya shafi dodon ƙauye ko tsohuwar rijiya, wannan ta fi fuskar roba ban tsoro, domin mai kallo ya san kayan, a gidansu ma akwai su. Rauninta, ƙwarya tana fashewa in ta faɗi, ƙwari suna huda ta, kuma fata mai kyau ba ta da arha.

Silikon da ta kanti

Silikon, wata irin roba da ake haɗawa da sinadarai, ya fi kowa kama da fatar mutum, yana bin motsin baki da gira, rana da zafi ba sa lalata shi kamar roba. Amma tsadarsa ta ninka ta roba sau da yawa, daga waje yake zuwa, sai da sikeli mai kyau ake haɗa shi, ba ya karɓar kowane fenti sai na jinsinsa, kuma mai kyan cikinsa ko safar roba ta taɓa mazubin sai ya ƙi kamawa. Ga nauyi, ga lafewa a fata. Na bututu da ake liƙe gilashi da shi kuwa ba na fuska ba ne sam. Fuskar kanti kuwa, wadda ake samu wajen masu kayan wasan yara, arha ce kuma nan take, amma siririya ce, fentinta na garaje, kowa ya san ta, ba ka kuma san da me aka yi ta ba.

| Kaya | Kuɗi | Samuwa a Sakkwato | Wahala | Kama da gaske | Zafi a fuska | Ƙarko |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Roba ta zubi | Matsakaici zuwa sama | Sai oda | Mai yawa | Sosai | Mai tsanani | Shekaru, in an adana |
| Roba ta shafe | Matsakaici | Sai oda | Kaɗan | Ga ƙuna da ruɓa | Mai tsanani | Matsakaici |
| Takarda da gam | Ƙasa sosai | Ko'ina | Kaɗan | Daga nesa | Da sauƙi | Gajere |
| Soson takalma | Ƙasa zuwa matsakaici | Akwai | Matsakaiciya | Ga dabba da ƙaho | Matsakaici | Mai tsawo |
| Ƙwarya da fata | Ya danganta da fatar | Akwai | Matsakaiciya | Salo na daban | Da sauƙi | Fata ta daɗe, ƙwarya ta fashe |
| Silikon | Sama ƙwarai | Babu | Ta ƙwararru | Ya fi duka | Mai tsanani | Mai tsawo |
| Ta kanti | Ƙasa | Jefi-jefi | Babu | Kaɗan | Mai yawa | Gajere |

Wa ya dace da wacce

In don yaran tashe ne, takarda ko ƙwarya, ba na ko jinkiri. Yaro zai yi awanni yana zaga shiya yana tsalle, yana buƙatar iska da manyan ramukan ido don ya ga kwata da babur. Ka bar haɓarsa a buɗe yadda duk wanda ya san shi zai gane shi. Halin tsaron da yankinmu ke ciki bai bar wurin a ga mutum rufe ruf cikin duhu ba, kuma babba ya riƙa bin su. A kuma ja musu kunne kada su faɗa wa ƙananan yara, tsofaffi ko mai juna biyu ba zato. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya hana Musulmi ya firgita ɗan'uwansa. Wanda kuma zuciyarsa ke ɗar-ɗar kan hukuncin ƙera siffar mai rai, ya tambayi malaminsa kafin ya sayi ko buhun POP.

Malamin makaranta mai wasan dandali, takarda don fuska, soso don ƙaho da kunne, launi mai ƙarfi da za a hango daga baya. Kuɗin da ka rage ka sa a fitila.

Mai fim da kyamara za ta matso, roba ta zubi, rabin fuska, a ɗauki fitowar da asuba ko bayan magariba, in da hali a jira hunturu. In rauni ko ƙuna kawai kake nema a fitowa ɗaya, ta shafe ta wadatar. In labarinka na ƙauye ne, ka fara leƙa Madunka kafin ka tura kuɗi Legas. Silikon ka bar shi sai ranar da wani ya ɗauki nauyin aikin kuma akwai ɗakin sanyi a wurin ɗauka.

Wanda ke son ya mayar da abin sana'a, ya fara da gini da mazubi tun bai sayi ɗigon roba ba. Ya yi mazubin rabin fuska, ya danna takarda da gam a ciki ya ciro, sau uku ko huɗu, har hannunsa ya san inda yumɓu ke maƙalewa da inda kumfa ke ɓuya. Sannan ya yi odar lita ɗaya a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin da za ta iso ba ta dahu a hanya ba. Rabin fuska ba ta buƙatar a cika mazubi, zuba kaɗan ake yi a riƙa jujjuyawa hawa-hawa, kuma lita ɗaya za ta kai shi fuskoki da dama.